Badon da Inna ta nema

Cikin ciwonta na ƙarshe, Inna ta ƙi cin komai. Na dama mata kunu, ta kau da kai. Yayana ya aiko da taliya da madarar gwangwani daga garin Ɗan Issa, ta ce a ba jikoki. Ran nan ina shafa mata mai a ƙafa sai ta ce, "Ɗiyata, bado nike so."

Dariya ta kusa kuɓuce mini. Bado fa! Abin da muke jin kunyar a gan mu da shi muna yara, don duk gidan da ake cinsa an san rumbunsu ya ƙare. Mata ne ke shiga tafkin Madarunfa da ƙwarya, ruwa iya ƙirji, su tsinko kawunansa, a shanya, a sussuke, a turara ƙwayar kamar dambu. Inna ta sha gaya mana cewa shi ya riƙe su a shekarun yunwa. Ta ce a zamanin kakarta ruwan har gindin kukokin bayan gari yake kaiwa, ita kuma ta tarar ya ɗan ja baya. Ni dai ban taɓa sauraron labarin har ƙarshe ba.

Washegari na ɗauki ƙwarya na nufi inda ta kwatanta mini. Na tarar da lambun tumatir, injin ban ruwa na ta ƙara. Na wuce, ina taka yashin da gulbi ke kwasowa kowace damina yana cike tafkin da shi. Da na isa bakin ruwa, ƙafata ta gaji. Ruwan ja ne, da ɗumi, babu ganyen bado ko ɗaya a kansa. Wani dattijo mai gyaran koma ya dubi ƙwaryata ya ce, "Baiwar Allah, kin makara. Mu ma rabonmu da shi mun manta."

Na zagaya har rana ta take, na tambayi mata a kasuwa, na sa aka tambaya a garin Gabi. Babu. A rediyo na taɓa jin cewa har tafkunan ƙasashen ƙanƙara sun sauya, ban damu ba. Ranar nan kam na ji zafin abin, na zauna kan yashi na yi kuka.

Da na koma gida, ta leƙa ƙwaryar ta gan ta wayam. Na fara ba ta haƙuri, ina cewa gobe zan sake nema. Ta girgiza kai.

"Ba kwaɗai ba ne," in ji ta. "So nike in nuna miki yadda ake gyara shi, tun ina da rai." Ta dubi jikokinta a tsakar gida. "To in shekara ta ƙi, waɗannan mi za su ci?"

Har ta rasu ban samo mata badon ba.