Goshina da Tabarmar Roba

Shekara huɗu na yi ina sallah a kan kujera. Tun ranar da tirelata ta kife da shanu a hanyar kudu, bayana ya ƙi lanƙwasa. Mu uku ne a gaban motar, ni kaɗai na fito da rai. Na gode Allah. Amma duk Juma'a sai in ajiye kujerar roba a ƙarshen sahu, jama'a su kai goshi ƙasa, ni in ɗan sunkuyar da kai kamar mai gyangyaɗi. Wannan ya fi ciwon cin raina.

'Yata ta biyu tana aiki a ɗakin shan magani a nan Potiskum. Ita ta rubuta sunana, ba ta tambaye ni ba. Ta ce wata ƙungiya ta shirya wa maza masu ciwon baya zaman kwana uku a wata makaranta wajen Damagum, tunda ɗalibai suna hutu. Wai sunan abin yoga.

Na ce, "Allura ce?"

Ta ce, "A'a Baba, miƙa ce da numfashi."

Na ce, "Ina numfashi tun kafin a haifi uwarki."

Na je dai, don kada ta ji kunya a wurin aikinta.

A bakin ƙofa aka karɓe wayoyi. Aka karɓe goro. Shayi ba sukari. Da rana aka kawo wake da kokwamba, a ƙasar da ake loda shanu dubbai ana kai wa wasu su ci. Mu goma sha biyar ne, kowa da tabarmar roba siririya, faɗinta bai kai buhu ba.

Malamin mutumin Jos ne, Kirista, siriri, ba ya ɗaga murya. Kowa Baba yake ce masa. Kusa da ni aka sa wani tsohon Bafillace, dillalin shanu daga Danchuwa. Da ya ji Hausata ya gane Babarbare ne ni, shi ke nan na rasa sakat.

Ranar farko malamin ya ce mu durƙusa, mu dafa ƙasa, mu gantsare kamar saniya. Na ce masa shekara ashirin ina ɗaukar shanu, ban taɓa ganin wadda ta yi haka ba. Bafillacen ya ce, "Malam, ƙyale shi. Babarbare a tukunya kaɗai ya san saniya." Aka yi dariya. Ni ban yi ba, bayana ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Daga nan aka ce mu kwanta mu saurari numfashinmu. Na saurara. Babu wani sabon labari a cikinsa.

Da safe na tashi na ji ƙugu ya ɗan saki. Ban gaya wa kowa ba.

Rana ta biyu, da hantsi, malamin ya tsaya a gabanmu, wajen yamma. Ya ce mu durƙusa, mu zauna a kan dugadugai, mu miƙa hannuwa gaba, mu yi ƙasa sannu sannu. Na bi. Ina jiran zafin nan da ke tare ni a rabin hanya, sai bai zo ba. Na ci gaba. Na ji warin robar tabarma a hancina. Tsakanin goshina da ƙasa bai fi yatsa biyu ba.

A nan na gane siffar da nake ciki. Na ƙame wuyana.

Malamin ya zo ya ɗora tafinsa a bayana. "Baba, saki kanka. Saura kaɗan. Bari goshi ya taɓa."

Na ce, "Ɗauke hannunka."

"Zafi ne?"

"Ba zafi."

"To me ya faru, Baba? Kai ka fi kowa yi yau."

Na mirgina gefe na zauna. Na ce, "Shekara huɗu goshin nan bai taɓa ƙasa don Mai shi ba. Ba zai fara a gabanka ba, ina kallon yamma."

Biyu daga cikin waɗanda suka riga suka kai ƙasa suka ɗago da sauri suna istigfari. Malamin ya rikice. Ya rantse ba ibada ba ce, hutu ne kawai irin na jariri. Ya ce in muna so a juya tabarmi gabas. Na ce wannan ya fi muni, sujada ba alwala ba niyya. Wani ya ce ai aiki da niyya yake, babu laifi. Wani ya ce akwai. Aka kaure da musu, masu ciwon baya goma sha biyar, kowa ya zama malami. Ni ban yi karatu ba, ban sa baki ba. Goshina dai nawa ne.

Bafillacen ne ya kashe maganar. Ya dunƙule hannuwansa, ya ɗora ɗaya kan ɗaya, ya aza haɓarsa a kai. Ya ce, "Ga shi. Haka muke kwanciya a daji muna gadin shanu. Ko Babarbare zai iya." Malamin ya duba ya ce hakan ma ya yi. Ya ba ni haƙuri har sau uku, abin da ya ƙara ba ni haushi, don ba shi da laifi.

Da azahar ta yi muka fita ƙarƙashin darbejiya. Wani ya jawo mini benci daga aji. Na ce ya mayar. Na shiga sahu a tsaye, a tsakiya. Ruku'u bai cika ba, na dafa cinya ne maimakon gwiwa. Da liman ya yi kabbara na bi su ƙasa. Yashin da zafi. Ya taɓa goshina, ya taɓa hancina. Na manta abin da ake faɗa, sai da na sake farawa.

Tashi ne ya gagara. Sauran raka'o'in a zaune a ƙasa na yi su, amma kowace sujada na kai. Bayan sallama jama'a suka watse, ni ina nan kamar an dasa ni. Bafillacen ya kama hammata ɗaya, ya kasa. Sai da ya ƙwala wa malamin kira, wanda ke tsaye can nesa yana jiran mu gama. Su biyu suka ɗaga ni.

Bafillacen yana haki ya ce, "Wake da kokwamba, amma nauyi kamar bijimi."

Malamin ya ce, "Baba, tashi ma akwai motsinsa. Ƙarfe huɗu za mu fara."

Na ce a fara ba ni gorona.