Gwangwanin Madarar da Ya Kai Ni Safana

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da gwangwanin madara ya yi ƙara a hannuna ba. Kanwa nake nema zan jefa a wake, na miƙa hannu bayan kwanuka, sai na ji kacau-kacau. Kanwa ba ta irin wannan kukan. Ina buɗewa sai ga ƙwayoyi farare ƙanana, ba takarda, ba suna.

A lokacin ƙanena yana zaune wurinmu a Batsari. Ya daɗe yana shan kodin da ƙwaya, sai Allah ya shirye shi, ya yi wata bakwai bai taɓa ba. Bayan addu'ar mahaifiyarmu, abin da ya riƙe shi wata ƙungiya ce ta samarin da suka bar shaye-shaye. Dokarsu mai tsanani ce: wanda aka kama da ƙwaya ya fita. Kuma kullum bakinsu shi ne, su tubabbu ne, ba mahaukata ba.

Ban tsaya tambayarsa ba. Ina kuka na kira shugaban ƙungiyar na ce yaron nan ya koma. Ya ce bayan la'asar suna nan tafe. Sai da na ajiye waya na tuna ko sunan ƙwayar ban sani ba. In na kai wa mai kemis ɗin unguwa, kafin azahar labari ya kai kasuwa. Na nemi izinin maigida, na cusa gwangwanin cikin hijabi, na tari ɗan acaɓa zuwa Safana, wurin 'yar gwaggona da ke aikin jinya.

Duk ramin da muka faɗa, sai kacau-kacau. Ɗan acaɓan, bawan Allah, ya tsaya ya duba sarƙa. Muka tashi, kacau-kacau. Ya sake tsayawa, ya ɗauko sifana ya ɗaure wani noti da bai yi masa laifin komai ba. A tsayuwa ta uku ya ce, "Hajiya, wallahi shekaranjiya na kai mashin ɗin nan wurin bakanike, amma zai gamu da ni." Ni dai ina ta istigfari. Na matse gwangwanin a hammata, ƙara ta ɗauke, shi kuwa ya dinga yabon sifanarsa har muka isa. Allah ya yafe mini hakkin wannan bakanike.

'Yar gwaggona, da yake abokiyar wasata ce, tana leƙa gwangwanin ta kwashe da dariya. "Baiwata, kan wannan kika ƙona fetur? Maganin ciwon damuwa ne, ba ya sa maye. Ni na tura shi wurin likita a Katsina, lokacin da ya daina cin abinci yana kulle kansa a ɗaki. Ya roƙe ni kada kowa ya ji, don abokansa za su ce ya taɓu." Da na gaya mata wanda na kira, dariyar ta tsaya. Ta ce, "Tashi ki koma."

Na tarar da su cike da zaurenmu, ƙanena a tsakiya, kansa a ƙasa. Daga bayan ƙofa na yi sallama, na faɗi abin da na jiyo, na ce laifina ne. Shugaban ya ce, "Yaya, mun ji. Amma a dokarmu ƙwaya ƙwaya ce." Wani tela a cikinsu ya ce, "Ashe ma likitan mahaukata yake gani." Ƙanena ya miƙe yana neman takalmansa. Ni kuwa na san in ya bar waɗannan, ba shi da sauran abokai sai na bayan tasha.

Sai wani ƙaton mahauci a cikinsu ya cire hularsa. Wata 'yar leda ta faɗo kan tabarma, ƙwayoyi farare a ciki. Ya ce, "To a kore mu tare. Ni ma can nake zuwa." Ya juya ya ƙura wa telan ido. "Kai kuma, ba kai ne mai takunkumi da baƙin tabarau a asibitin ranar Talata ba? Ka rufe fuska, ka manta ni na san tafiyarka."

Telan ya ce, "Wato kai ne ka ɓuya bayan tankin ruwa?"

"Ni ne. Tankin bai ishe ni ba."

Wani can kusa da bango ya fara zare safarsa a hankali, sai ga tasa ledar. Shugaban ya riƙe kai ya ce, "Innalillahi, wai saura mu nawa?" Zauren ya ɓarke da dariya, har da ƙanena, takalmi ɗaya a hannu. A ranar suka gyara dokar: maganin da likita ya rubuta ba ya korar kowa, a dai nuna takarda.

Ƙanena ya yi kwana uku bai yi mini magana ba, kuma ban ga laifinsa ba. Abin da na koya shi ne, ciwon zuciya da na ƙwaƙwalwa jarrabawa ce kamar hawan jini, neman maganinsa ba abin kunya ba ne. Mu da muke nuna masu shi da baki, mu ne muke sa su ɓoye. Na kuma koyi in fara tambayar mutum kafin in tara masa jama'a.

Washegarin ranar taron ina taje wa 'yata 'yar shekara shida kai, ta ɗago ta dube ni ta ce, "Umma, ni ma in raina ya yi ciwo irin na Kawu zan faɗa miki. Amma ba za ki kira mutane ba ko?"