Furen da na ajiye ƙarƙashin randar Haboba

Shekarar da na bar makaranta ban zauna wuri ɗaya ba. Na yi yaron mota a Suk al-Shabi, na yi dako a Kasuwar Libiya, daga baya na faɗa wani lambun furanni a bakin Nilu ina ban ruwa. Can aka ba ni tukunyar fure ɗaya, mai ruwan ɗorawa, mai wari-wari. Gaɗifa suke ce masa, wai yana korar sauro.

Gidanmu na unguwar Umbadda, daga ni sai kakata, Haboba, sai kyanwarta. Tun rasuwar kakana kyanwar nan ke kwana a ƙafafunta.

Randarmu a kan ƙarfe take, tana ɗiga cikin wani gwangwani. Ni mai dabara, na janye gwangwanin na sa furen, ya riƙa shan ɗigon. Sam na manta nan kaɗai kyanwar ke shan ruwa.

Haboba ta tafi zaman makoki na kwana uku. Rana ta biyu na dawo da azahar, na tarar da kan furen a gwaigwaye, kyanwa kwance gindin bango, yawu na dalala daga bakinta. Ta yi amai wuri biyu, da guntun ganye a ciki. Na taɓa ta, ko kallona ba ta yi ba.

Na ƙwala wa maƙwabciyarmu, wadda nake ce wa Khalti, kira ta kan katanga.

"Khalti, kyanwa ta ci fure!"

"To sai me? Akuya ma ci take yi."

"Yawu take zubarwa, wallahi!"

Ta leƙo, ta hango kyanwar. "Ya walad, kai yaro, in ta mutu, tsohuwar nan ba za ta ɗauka ba."

Na tsinke reshe ɗaya, na tari raksha, keke mai ƙafa uku, zuwa shagon mai maganin dabbobi. Mai maganin ya ɗauka rago ne ba lafiya. Da na ce kyanwa, mutanen shagon suka fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya murza ganyen, ya shinshina.

"Iri biyu ne. Akwai wanda ba ya komai. Wannan mai warin yana ƙona baki, yana ɓata ciki."

"Zai kashe ta?"

"Ba kasafai ba. Ka goge mata baki da ruwa, kada ka ɗura mata komai. In gobe ba ta sha ruwa ba, kawo ta."

Ba kasafai ba. Maganar nan na yi ta juyawa a raina har gida.

Ina tura ƙofa na ga takalman Haboba. Ashe maƙwabciya ta aika mata. Tana zaune a ƙasa da mayafin makoki, kyanwar a cinyarta.

"Me ka ba ta?"

Na faɗa mata duka, ina in-ina. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta ce in kawo ruwa. Ta jiƙa bakin mayafinta tana goge mata dasashi, kyanwar na kau da kai. La'asar ta wuce muna nan. Inuwa ta kai katanga. Ƙafata ta yi sanyi, amma na kasa tashi.

Dab da magariba kyanwar ta lashi ruwa a tafin hannun Haboba. Sau uku, ina ƙirgawa.

Haboba ta sauke ajiyar zuciya, ta sunkuya wajen kunnen kyanwar.

"Gaya wa wancan ya tashi ya yi alwala."