Hannun Yaya

Takalma na fara gani a ƙofar zauren alƙali. Na fata ne duka, sai guda baƙi mai igiya. Na malamin lamba ne, wanda ya zo ƙauyenmu da rani ya tsaga wa yara hannu don rigakafin agana.

Nawa hannun ya yi ƙurji ya warke, na koma makaranta. Na Yaya kuwa ya kumbura har kafaɗa, ya yi ruwa, daga baya ya ƙandare. Ko fartanya ba ya iya riƙewa. Kawu ne ya kai ƙara, yana neman diyyar da za a kai Yaya asibiti a birni. An tafi da ni don a gwada hannuna da nasa. Amma ranar zaman zazzaɓi ya kwantar da Kawu a Dangora, dole Baba ya tsaya a madadinsa.

Yaya ɗan fari ne. Ban taɓa jin Baba ya kira sunansa ba, ko ya dube shi a gaban mutane. Da dare dai nakan ji shi a bayan ɗaki yana tambayar Inna ko yaron ya ci abinci.

Malamin lamba ya ce da wuƙa ɗaya ya yi wa kowa, wataƙila an shafa wa ciwon toka a gida. Alƙali ya sa Yaya ya cire riga, ya duba, sannan ya tambayi Baba yadda ya ga jikin ɗansa. Zauren cike yake da dattawa, har da surukin Baba. Baba ya sunkuyar da kai yana murza bakin tabarma.

"Da sauƙi, Allah ya gafarta malam."

Alƙali ya sake tambaya, a hankali, kamar yana ba shi hanya. Baba ya maimaita. Alƙali ya ce tunda uba bai ga lahani ba, sai a yafi juna. Aka shafa fatiha. Yaya ya daɗe yana kokawa da rigarsa da hannu ɗaya.

A hanyar gida Baba na gaba, Yaya na baya, ni a tsakiya. Da muka wuce gonakin dawa na waiga, ba kowa sai Yaya. Ban saba yi wa Baba magana ba sai ya tambaye ni. Na kama gefen rigarsa.

"Baba, ba mai ganinmu a nan. Don Allah ka tsaya ka duba hannun nasa."