Mangwaron da Muka Dasa a Gonar Aro

Mubi zuwa Maiha

Ana kiran assalatu muka tashi daga Sabon Layi a bas ɗin haya, mu ɗaliban aikin gona, kowa da dashen mangwaro a cinya. Nawa na rungume shi kamar jinjiri, ina hango ranar da wasu masoya za su zauna a inuwarsa. A shingen sojoji wani ya leƙo ya tambaya ko itatuwan ma suna da katin shaida. A Maiha muka karya da ƙosai da kunun gyaɗa.

Belel

Da hantsi muka sauka a garin Belel, wajen Mama Rahila, mai noman naman kaza, wadda mijinta ya rasu. Ta shigar da mu wata bukka mai duhu da sanyi, ta nuna mana yadda ake turara buntun shinkafa, a cusa a leda, a zuba iri, a riƙa yayyafa ruwa har fararen kunnuwa su ɓullo. Da wannan da masarar bayan bukkar take ciyar da 'ya'yanta.

Tana shiga ɗora mana tukunya, jagoranmu Malam Ɗanjuma ya ce makarantar da za mu yi dashen ta yi nisa, mu dasa a gefen gonarta kafin rana ta ɓata hoto. Bai tambayi kowa ba. Muna haƙa, yana ɗaukar mu hoto.

Ta fito ta tsaya cak. "Yarana, wa ya sa ku? Gonar ba nawa ba ne, aro ne."

Ashe a nan mai aron gona ba ya dasa itace, don dasawa tamkar cewa ne ƙasar ta zama tasa. Kafin mu tumɓuke, mai gonar, Bappa Hammadu, ya iso a babur. Malam ya fara masa laccar kwararowar hamada. Tsohon ko kallonsa bai yi ba.

"Rahila, ki cire masararki bana. Baɗi wani zan ba."

Muka durƙusa, muka ciro dashen a gabansa, muka rantse ba ta sani ba. Ya ce ya ga abin da ya gani.

Komowa

A mota Malam ya ce rashin wayewa ne kawai, ya ci gaba da zaɓen hotuna. Na ce ya sa har da na Mama tana share hawaye. Ya ce in tuna shi ke ba da maki. Zuciyata na tafasa har muka shigo Mubi bayan magariba.

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Mama Rahila, wadda duk da haka ta zuba mana tuwo da miyar naman kaza, ta ce ba a barin gidanta da yunwa. Mu mun kasa haɗiya. Malam Ɗanjuma har ƙari ya nema.