Sunan da Ya Fi Ƙarfin Bindigar Orval

Orval Tidwell mutum ne da Allah bai ba shi taƙaitawa ba. Shekara talatin da huɗu ya yi yana gyaran injinan ban-ruwa a gonakin jihar Idaho ta Amurka, kuma manomin da ya kuskura ya tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya sha tarihin agogon tukuna. Matarsa Verna ce kaɗai ke tsayar da shi, da gyaran murya ɗaya. Bara ta rasu.

Da kafaɗa ta fara damunsa, sai ya so ya rage tsawon bindigar da yake korar diloli da ita daga tumaki. Doka kuwa ba ta wasa da gajeriyar bindiga: sai an yi rajista, an kuma sassaƙa sunan wanda ya gajarta ta da na garinsa a jikin ƙarfen. Lauya ya ce ya sa ta cikin amanar iyali, wato takardar doka mai riƙe dukiya a madadin gida, don 'ya'ya su gaje ta ba rigima, amma ya raɗa wa amanar suna, don shi za a sassaƙa a madadin nasa. Abin nema ya samu. Orval ya zuba cikakken sunansa, da na Verna, da na gonarsu, har da shekarar aurensu. Harafi tamanin da ɗaya.

Burl, mai sassaƙar ƙarfe, abokinsa tun na firamare, ya karanta takardar, ya dubi wurin rubutun da bai fi tsawon yatsa ba.

"Tsoho, bindiga ka kawo mini ko ƙofar gareji?"

"Ka ƙanƙanta baƙaƙen mana."

"Doka ta yanka girmansu. Kuma abin da ke takarda shi zan rubuta, ko wasali ba na ragewa. Ka aika wa hukuma?"

"Sai gobe."

"To ka yi arziki. Koma wa lauyanka, ka samo kalma biyu."

Orval ya fito jiki a sanyaye. Kalma biyu ba za su ɗauki Verna ba, shi kuwa gani yake goge sunanta daga takarda kamar sake binne ta ne da hannunsa. Kwana uku yana jujjuya biro, ya kasa jan layin.

Ran Lahadi 'yarsa Rhonda ta kawo masa gasasshiyar kaza, ta tarar da takardar kan tebur. Ya faɗa mata damuwarsa. Ta yi dariya har da hawaye.

"Haba Baba! Wace Mamar? Wadda ta hana bindigar nan kwana a gida shekara talatin, sai rumbu? Ita za ka manna wa suna a jikinta? Wallahi da ta tashi ta biyo ka da tsintsiya."

Orval ya tuna da rumbun. Gaskiya ce tsagwaronta. Ya ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa, har ya ci cinya biyu.

Ran Litinin ya miƙa wa Burl sabuwar takarda: Amanar Tidwell.

"Shi ke nan? Ina Verna?"

"Na bar ta a gida," in ji Orval. "Can ta fi so."