Ɓargon Da Aka Hana A Taɓa

A lokacin ni mai tuyar ƙosai ce a tashar Matamaye, mace mai baki, wadda ba ta barin ta kwana. Maigidana manomi ne, ya haura sittin amma da ƙarfinsa. Da damina ta faɗi sai ya fara haki tun bai kai ƙarshen kunya ba, tafin hannunsa ya yi fari fat. Aka ce ƙarancin jini ne. Na dafa hanta, na dafa zogale, har ya tsani ganinsu. Babban ɗanmu ya ba da jini aka ƙara masa, ya murmure, ba a jima ba aka koma gidan jiya.

A Damagaram likita ya duba jinin, ya ce jajayen ƙwayoyi da farare da masu tsayar da zubar jini duk sun ragu, wasu ma siffarsu ta lalace. Ya ce ɓarnar tana cikin ɓargo, inda jini yake samuwa, kuma cutar iri-iri ce, wata takan ja shekaru, wata tana gab da zama sankarar jini. Ba a gane wacce ce sai an zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙugu an ga yawan ƙwayoyin da ba su nuna ba. Yayan maigida ya yi tsalle ya dire, wai ɓargo ne ƙarfin namiji, ba a huda ƙashin mai rai. Duk bakina, ranar ba a saurare ni ba.

Da aka gama girbi babban ɗan namu ya tambaye ni ko ya tafi ci-rani Legas. Da me zan hana shi, alhali ban san irin cutar ba? Ya tafi. Bayan tafiyarsa dasashin maigida ya fara zubar da jini, shi da kansa ya ce a huda. Sakamako ya fito, ɗanyun ƙwayoyi sun yi yawa, mai saurin ce, kuma likita bai ɓoye mini ba cewa maganinta ya fi ƙarfinmu. Na kira yaron ya kamo hanya. Maigida ya yi ta tambaya ko motarsa ta iso. Yaron yana Kano aka yi jana'izar mahaifinsa.

Na san awon nan ba zai warkar da shi ba, kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma har yau zuciyata ba ta huce ba. Ƴan'uwa, in likita ya nemi ɓargo kada ku tsaya gardama. Ko babu magani, za ku san wanda bai kamata ya yi nisa da gida ba.